Ranar da Na Rufe Lazar da Gyalen Gwaggo

Ƙamshin turaren wuta da ƙugin gurup, wato injin wutar da ake haya don biki. Har yau duk inda waɗannan biyu suka haɗu sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan a Tamaske ba, ranar walimar auren yayana Isuhu. Ko na so mantawa ma, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Lokacin ina tsakiyar karatun dokta a ƙasar waje, a wani labo, wato ɗakin bincike, inda muke aiki da lazar. Ba irin ɗan jan ɗigon nan da ake tsokanar kyanwa da shi ba. Namu yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ba ya zuba a miƙe kamar hasken tocila, sai ƙyalli-ƙyalli. Kowane ƙyalli gajere ne, har shi kansa haske bai isa ya ƙetare kaurin gashi guda ba kafin ya ƙare. In muka harba shi cikin wani dutse mai kama da gilashi, ko cikin iskar gas, sai ya haifi wasu haskoki. Ɗaya ana ce masa terahertz, ɗayan kuma irin hasken radiyo ne, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. (Ni a raina nakan ce tatsar haske muke yi, kamar yadda ake tatsar saniya. Ban taɓa faɗa wa farfesana haka ba.)

Abu na farko da ake koya wa mutum a labo ba lissafi ba ne, tsoro ne. Kafin ki shiga ɗakin sai kin cire zobe, da agogo, da awarwaro, da ɗan kunne, duk wani abu mai walƙiya. Hasken namu ido ba ya ganinsa, in ya daki zobe ya karkato, ido ya tafi kafin ki ƙifta. In kuwa aka ga haske ya kauce hanyarsa, doka ɗaya ce: a yi wa kowa ihu ya rufe ido, a toshe bakin na'urar. An maimaita mana wannan har ya bar kaina ya koma cikin hannuwana.

Na zo gida ne da wata damuwa da ta fi bikin. Ƙanwata Rakiya ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a shekarar, tana son ta tafi jami'a ta karanci kimiyya. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a bari biki ya wuce. A gidanmu kuwa kowa ya san Baba ba ya tsallake maganar yayarsa, Gwaggo Hajo. Ita kuma ni ce hujjarta.

"Ga guda mun ba karatu," in ji ta, ina durƙushe ina gaishe ta. "Ka tambaye ta mi take yi, ta ce haske. Haske! Karatu mai nisa hwa raba mutum yake da nashi. Tana kallonmu, amma ba mu take gani ba."

Ana gobe walima da dare Rakiya ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, don Allah gobe ki zama kamar kowa."

Na ɗau alkawari. Na sha lalle, na ɗaura ɗankwali har goshina yana zafi, na zuba awarwaron Inna hannu biyu, ga ƴan kunne har kafaɗa. Na zauna cikin rumfar tampol kusa da Gwaggo, ina murmushi irin na ɗiyar kirki. Dangin amarya sun zo daga Buza cike da motoci, ita kanta amaryar tana tsakiya, zinariya daga wuya har yatsu. Can gefe an jera farantan silba da tukwane sababbi fil, ko'ina walƙiya. Hayaƙin turare ya taru a ƙarƙashin tampol kamar gajimare mai shirin ruwa. Har na fara tsara ƴar waƙa a raina a kan hayaƙin nan.

Sai mai kiɗa ya danna wani abu.

Wani koren zare ya tsaga hayaƙin, siriri, miƙaƙƙe. Ya daki farantin silba ya rabu uku. Ɗaya ya hau sarƙar amarya, ɗaya ya bi ta fuskar wata tsohuwa, ɗaya ya nufo Gwaggo.

Wallahi ban yanke shawarar komai ba. Hannuwana ne suka yi.

"Ku rufe ido! Kowa ya rufe ido!"

Na miƙe ina zare awarwaro ina watsarwa. Na fizge ƴan kunne na jefa (daga baya an tsamo su cikin ƙwaryar fura). Na danne fuskar Gwaggo da tafin hannuna, na waiga neman baƙin abu marar walƙiya, ban ga komai ba sai gyalen da ke kafaɗarta. Na zare shi. Na ruga da gudu hannu ɗaya a kan idona, na tsallake wata baiwar Allah da goyonta, na lulluɓe na'urar da ke fitar da zaren da gyalen na rungume ta kamar kazar da ta tsere. Ƙafata ta harɗe da waya. Kiɗa ya mutu. Ni kuma na zauna daram cikin babbar robar bisap, wato zoɓo, da aka sa wa ƙanƙara don baƙi.

Shiru. Babu abin da ake ji sai gurup yana ta ƙuginsa, da bisap yana ɗiga daga zanena.

Abin da na manta shi ne, a wurinmu mace ba ta tuɓe kayan ado a bainar jama'a sai in takaba ta same ta. Ga ni kuwa a tsakiyar biki, kunne fayau, hannu fayau, ina ihu. Uwar amarya ta dafe ƙirji tana salati. Wata ta ce, "Wa ya rasu?" Wata daga baya ta ce, "Iskokinta ne suka tashi, a kawo hayaƙi." (Hayaƙi dai ai shi ya jawo mini.) Na hango Rakiya ta tura fuskarta cikin cinyoyinta. A nan ne na ji sanyin ƙanƙarar ya kai mini har zuciya. Na ce shi ke nan, na zubar mata da jami'a cikin robar bisap.

Gwaggo ta taso, kafaɗa a buɗe, shatin hannuna a kan hodarta.

"Ke. Tashi. Mi ne ne wanga?"

Ban da sauran mutuncin da zan kare, sai na faɗi gaskiya. Na ce mata wannan ƙaramin ɗan'uwan abin da nake aiki da shi ne, kuma namu in ya daki faranti ya shiga ido, babu likitan da zai mayar. Na ce na ga zaren ya nufo ta.

Wata murya ta fito daga cikin mata, ta Madam Rifkatu, ƙawar Inna, wadda ke aiki a ɗakin radiyo na asibitin mishan can wajen Madawa. "Hajiya, ba ƙarya take ba. Ke da kanki ranar da kika karye a hannu, ba kin ga na sa rigar dalma na laɓe bayan bango ba? Har kika ce ina gudun ki."

Aka fashe da dariya, wannan karon ba duka a kaina ba. Gwaggo ta murza wuyan hannunta.

"To naku, in yana makantarwa, mi ne amfaninshi?"

Shekaru nake jiran wani a gida ya yi mini wannan tambayar, sai ga shi ta zo ina tsaye cikin jan ruwa. Na ce mata muna neman yadda na'urar da za ta zauna bisa tebur guda za ta ba da hasken radiyo mai kaifi, irin wanda yanzu sai a manyan gine-gine ake samu. Na ce ɗayan hasken yana ratsa takarda da tufafi ba tare da ya cuci jiki ba, kuma ruwa yana shanye shi, don haka yana iya gaya maka ganye yana jin ƙishirwa tun kafin ya yanƙwane. Mazan da suka leƙo daga waje, manoman albasa, suka matso. Na ce ba mu kai ba tukuna, nema muke. Na yi magana har na manta ina ɗiga.

Gwaggo ta matso kusa da ni. Sannan ta zare gyalenta daga kan na'urar, ta kakkaɓe, ta yafa mini a kafaɗa.

"Ni na ce ba ta ganinmu," ta faɗa wa matan Buza. "Ga ɗiya ta zubar da kunyarta gaban surukai don idona. Hauka ce, amma tamu ce." Ta juya. "Rakiya, ɗago kanki. In kin tahi, ki koyo wanda ba a faɗawa cikin roba."

Guɗa ta tashi. Aka juya na'urar tana kallon tampol, aka mayar da kiɗa, koren haske ya yi ta yawo a samanmu kamar taurari sun sauko kallon biki. Na yi rawa da jiƙaƙƙen zane. (In faɗi gaskiya, ɗan hasken biki da ke yawo haka ba lalle ya yi wa kowa illa ba, in dai ba zura masa ido aka yi ba. Wannan ban faɗa wa Gwaggo ba, kuma ku ma kada ku faɗa.) Har yau a Tamaske sunana "Ku-rufe-ido". Na koyi cewa kafin in ceci jama'a, ya kamata in fara duba abin da ke bayana, kuma in tambayi wanda ya kawo fitilar.

Don sai da Rakiya ta kusa gama jami'a ta faɗa mini a waya. Na'urar nan ba ta mai kiɗa ba ce. Baba ne ya bi motar albasa har Ƙwanni, ya yi ta shiga shaguna ɗaya bayan ɗaya yana cewa a ba shi lazar, irin aikin ɗiyarsa, yana so mutane su gani da idonsu.