Tsallen da Na Yi a Owendo

A shekarar da aka karya darajar sefa, lokacin da jandarmomi ke tare baƙi suna neman takardu, na koma damben zamani ina da shekara arba'in ba ɗaya. Dalilina guda ne: Rabi, bazawara mai sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët, ta ce ba za ta auri tsoho ba.

A wani sito a Owendo, garin tashar jiragen ruwa, aka haɗa ni da wani matashi, Rabi kuma ta ratso shingayen jandarmomi ta zo kallo. A da yawo nake a fili kamar mazari. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, sai na koyi tsayawa da jira. Na bar shi yana naushin iska har numfashinsa ya ƙare, a zagaye na huɗu na ajiye masa naushin dama guda a haɓa. Ya kwanta. Sito ya kaure da ihu.

Nan littattafan soyayya suka cuce ni. Na hango Rabi, na ce jarumi ba ya sauka ta matakala, igiyar filin dambe yake tsallakewa. Zuciyata ta tuna ƙuruciya, gwiwata ta manta. Igiyar sama ta harɗe ni, na zube rub da ciki a gabanta.

"Sannu, shampiyon," in ji ta, tana dariya har da hawaye. "Kai kuma wa ya buge ka?"

Ta aure ni dai. Amma har yau in zan tsallaka kwata, sai ta riƙe hannuna ta ce, "A hankali, Malam, jama'a na kallo."