Fitilar da Ta Amsa Amin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haska fuskar surukina da kore ba, a gaban manya, ana tsakiyar addu'a.

Alhaji Sule, mahaifin Rabi wadda nake nema a lokacin, yana da wata tsohuwar motar-gida a bayan gidansa da ke McLeansville, irin wadda Amurkawa ke kira RV. Ba yawon shan iska yake yi da ita ba. In an yi rasuwa a wata jiha, ita ke kwasar mutane. In baƙo ya sauka garin nan bai da masauki, a ciki zai kwana har ya samu ɗaki. Ban taɓa jin Alhaji ya yi wa kowa gori ba. Mutum ne mai sanyin magana, ko faɗa zai yi maka sai ka ɗauka gaisuwa ce.

Matsalar motar ɗaya ce, fitilunta. Dogayen ƙwayayen nan ne na da, masu ƙyaftawa kafin su kama. Girgizar hanya na kashe su, bakinsu ya yi baƙi, ga shan batir. Wata rana na ji Alhaji yana cewa ya gaji da canza su, ni kuwa (mai neman suna a gidan surukai) caraf na ce, "Baba, a bar mini. Fitilun zamani na LED zan saka, an gama."

Kuma wallahi na yi aiki. Na tashi daga aiki a siton da ke Wendover, na biya kanti, na sayo fitilu masu kama da zare. Na cire tsofaffin ƙwayayen da na'urar da ke tayar da su, na haɗa waya da kyau. Haske fari tas, ba ƙyaftawa, ba zafi. Sai dai da na tsaya a kantin, farar fitila zalla ta yi mini ƙauyanci, na ɗauko mai rimot da maɓallai rututu. Na danna fari, na jefa rimot a aljihun wando, ban karanta komai ba.

Ranar da manyana za su je neman aure aka wayi gari da ruwa, mata sun cika falo, sai Alhaji ya ce maza su zauna a motar. Kawu Bala, abokin mahaifina da ya tsaya mini a matsayin uba, ya ja mini kunne tun a hanya: "Ka shiga, ka gaida mutane, ka yi shiru. Akwai ƙanen Alhajin da yake ganin ba ka da natsuwa." Haushi ya kama ni. Ni ne ba ni da natsuwa?

Da suka gama magana aka kira ni. Na cire takalmi, na shiga, na durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya mini a gida. Wandon da na yi aikin fitilu da shi ne a ƙarƙashin babbar rigata. Gwiwata na taɓa ƙasa, cinyata ta danne rimot.

Da farko ba abin da ya faru, don kowa ya yi shiru. Ashe maɓallin da na danne na masu biki ne, wanda fitila ke bin sauti.

Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya sanya alheri." Motar ta koma ja. Jama'a suka ce "Amin," ta koma kore. "Allah ya ba da zuri'a ɗayyiba." Shuɗi. "Amin!" Ruwan hoda, har da walƙiya. Ga ni durƙushe, hannuwana a sama, ba damar laluben aljihu ana addu'a. Na saci kallon ƙanen Alhaji, fuskarsa ta yi shuɗi, ya kafe ni da ido. Kawu Bala kuwa kafaɗunsa rawa kawai suke yi, yana danne dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A raina na ce shi ke nan, Rabi ta tafi.

Aka shafa. Motar ta yi tsit, fitila ma ta natsu.

Ƙanen ya buɗe baki, amma Alhaji Sule ya riga shi. Ya dubi rufi, ya dube ni, ya ce a hankali, "Yaron nan ya yi mana aiki. Tsofaffin sai an roƙe su kafin su kama. Wannan kuwa har amin take tayawa." Sai ya juya ga ƙanen nasa: "Amma na lura da ka ce taka amin ɗin, ko motsi ba ta yi ba. A sake."

Dariya ta ɓarke, motar ta yi ta canza launi. Ƙanen da kansa ya ce "Amin" da ƙarfi, ya koma kore shar. Da magana ɗaya dattijon nan ya ɗauke kunyar daga kaina, kuma tun ranar nake ƙaunarsa har cikin raina.

An ba ni Rabi. Fitilun na nan ƙalau, ko ɗaya ba ta mutu ba, rimot kuma yana hannun Alhaji, ya ce ba na yara ba ne. Ni dai yanzu duk gidan da zan durƙusa, sai na fara zazzage aljihuna a bakin ƙofa.