Gayyar da Aka Kai wa Tasalla

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda ruwa kan makara kowace shekara amma bai taɓa fasa zuwa ba, akwai wata tsohuwar gada mai suna Tasalla. Mijinta Nomau ya rasu a tsakiyar bazara, saura kwana goma sha ɗaya ruwan farko ya sauka. Bai bar mata komai ba sai wani ɗan fili a bakin duhuwar da suke kwana, wanda in giwa ta kwanta a ciki sai jelarta ta leƙo waje.

Filin nan a da fako ne, ko tsinke ba ya fitowa. Nomau ya lura ƙafafun matarsa sun fara gazawa da tafiya fadama kiwo, ga haƙoranta sun sassauta, sai ya kwashe rani guda yana farfasa fakon da 'yan kofatansa. Ya riƙa turo taki daga hanyar giwaye, wanda shi ne gudummawar da manya suka bayar ba da saninsu ba. Ya bi gefen rafi yana tsinko irin harƙiya, ciyawar nan mai laushi da ko marar haƙori zai ci ya ƙoshi, ya watsa, ya rufe da ƙasa sama-sama. Ran da ya gama, sai ya kira ta.

"Tasalla, ki saurare ni da kyau, don ke in ana magana hankalinki na wurin tsuntsaye. In harƙiyar nan ta tsiro, kada ki bar kowa ya taka, har ke kanki. Saiwarta ba za ta fi gashin ido ba. Haki zai fito tare da ita, ƙarangiya da aya-aya, dole ne, irinsu na cikin takin. Ki ƙyale su. Sai harƙiya ta rufe miki kofato, sannan ki jira ranar da aka yi ruwa ƙasa ta yi laushi, ki dafe gefen hakin da ƙafa ɗaya, ki zare shi da leɓe. Ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi gaggawa, da harƙiyar zai tumɓuke."

Ta ce, "Kai da za ka yi da kanka, meye na dogon bayani?"

Ya ci gaba da lasar kofatonsa da ya tsage. Sai daga baya ta gane dalilin dogon bayanin.

Ruwa ya sauka, bayan kwana biyar fili ya yi wani kore-kore da sai ka kwanta ka duba ta gefe kafin ka gan shi. Kullum da safe Tasalla ta kwanta a bakin filin tana kallo. Ta lura gefen da ta saba kwanciya shan hantsi ya fi ko'ina kauri, wato can Nomau ya fi zuba iri. Ranar da ta lura da haka ta yi kuka sosai, don kewarsa ta ishe ta. Hakin ma bai yi nauyin ƙafa ba, ya fito har ya ɗara harƙiyar tsawo, ita kuwa ta ƙyale shi kamar yadda aka ce mata.

To, dajin nan yana da Majalisar Taimakon Juna, wadda ke zama a gindin wata tsamiya. Shugabanta Toron Giwa ne. Magatakardanta Burtu, wanda ba ya rubutu, amma yana da muryar da ta dace da muƙamin. Kada a zalunce su, ba mugaye ba ne. Masu tausayi ne ƙwarai, sai dai tausayinsu ba ya tashi sai in akwai taro. Duk ranin da Nomau ya yi yana fama da fako, majalisa na can tana shawara kan wanda ya kamata ya riƙa buɗe zama da wanda zai rufe.

Burtu ne ya bi ta wurin wata safiya, ya ga haki ya yi tsiri-tsiri a filin marigayi, ya ga tsohuwa kwance tana kallo ba ta taɓa ba. Ransa ya sosu. Ya kai magana gindin tsamiya, nan take aka yanke shawara: za a kai wa Tasalla gayya, a share mata hakin nan tas a wuni ɗaya. Giwaye huɗu, ɓauna goma, da gyado, aladen dajin nan mai haƙa.

Da labari ya iske ta, nan take ta miƙe. Ta lallaɓa da ƙafafunta masu ciwo har gindin tsamiya, ta durƙusa ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, na ji abin alherin da aka shirya mini. Allah ya saka, Allah ya bar zumunci. Amma ina roƙon a bari. Ciyawar jaririya ce, ba ta jure ƙafa. Malam ya ce kada a taka sai ta yi ƙwari. Ni kaɗai zan iya, a hankali, in lokaci ya yi."

Toron Giwa ya kaɗa kunnuwa, idanunsa suka ciko. Ya ce, "Jama'a, kun ji? Kun ji irin tarbiyyar da? Ga ta tsohuwa, ga ciwon ƙafa, ga rashin miji, amma ba ta son ta ɗora wa kowa nauyi. 'Ni kaɗai zan iya,' in ji ta. Wallahi Inna Tasalla, ba za ki yi ke kaɗai ba muddin muna numfashi. Magatakarda, a ƙara giwa biyu."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba kunya nake ji ba. Gaskiya nake faɗa. In kuka shiga filin nan, kashe shi za ku yi."

Aka yi dariya mai daɗi, irin wadda ake yi wa tsohuwa in ta yi barkwanci. Burtu ya gyara murya ya ce, "Majalisa ta shaida cewa baiwar Allah ta ƙi har sau biyu, kamar yadda mutunci ya tanada. Saboda haka garken ɓauna duka zai fito."

Tasalla ta buɗe baki za ta yi ta uku, sai ta lissafa cewa kowace magana tata na jawo kofato arba'in, ta rufe. Ta yi godiya ta koma gida. Aka sa rana, jibi da hantsi.

Ranar gayya, gari na wayewa ta ji ana gurnani a waje. Ta fito ta tarar da Jatau, gyadon majalisa, ya riga kowa zuwa. Shi Jatau ba ya son zaman taro, aiki kawai ya sani, shi ya sa ya ce bari ya rage kafin manya su iso. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba ya kafa haure, ya riga ya yi huɗa guda daga wannan gefe zuwa wancan, ƙasa ta kife, kore ya koma ciki.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tsaya kawai a bakin huɗar, hawaye na zuba.

Jatau ya ɗago da fara'arsa, ya ga fuskarta, fara'ar ta gudu. "Inna, lafiya? Ko ban yi zurfi ba ne?"

"Dubi hancinka, Jatau."

Ya karkaɗe hanci a ƙasa ya duba. Aya-aya uku ne a ciki. Sauran duk 'yan siraran saiwoyi ne farare, sun fi ɗari, kowace da ɗan ganyenta guda biyu.

"Wannan fa?"

"Ita ce Malam ya shuka. Ita zan ci in ƙafata ta ƙi kai ni fadama. Kuma ita kaɗai ta rage mini daga hannunsa."

Jatau ya dubi huɗar da ya yi. Can ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa sau biyu, kana zaune."

"Wallahi na ɗauka kunya ce." Ya ja da baya a hankali, yana sa ƙafa a inda ya riga ya ɓata, har ya fita. "Ki yafe mini, Inna. Yanzu me za a yi? Ga su can tafe."

Lallai kuwa ƙasa ta fara girgiza, ana jin waƙar aiki daga nesa. Ta ce, "Kai da kake zama da su, me ke tsayar da su in sun taso?"

"Ban taɓa ganin abin da ya tsayar da su ba. Abin da ke hana su farawa dai, wannan na sani."

Ta dube shi, ya dube ta. Tsohuwa ta share hawaye da gwiwa.

Ta tare su tun kafin su ƙaraso, a inuwar wani marke da ke ɗan nesa da filin, ta yi musu sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kowa iyalinsa. Sannan ta durƙusa gaban shugaba.

"Ranka ya daɗe, kafin a sa ƙafa ina da roƙo guda, wannan kuwa ba na kunya ba ne. Malam ya tafi a tsakiyar zafi, kowa na fama da ƙishirwa, ba a samu wanda ya tsaya ya faɗi wani abu a kansa ba. Tunda ga manya sun taru a ƙofarsa, ina so kowane babba ya ce kalma ɗaya."

Toron Giwa ya ce, "Kalma ɗaya? Inna, kin raina marigayi." Ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, Nomau ba ƙaramar dabba ba ne. Wato a jiki ƙarami ne, har ma sau da yawa ban gan shi ba sai an ce mini ga shi nan. Amma me ake nufi da girma? Wannan tambaya ce da ni kaina na daɗe ina yi wa kaina, tun ina ɗan maraƙi a shekarar da rafi ya ƙafe. Waɗanda ba a haifa ba a lokacin, bari in ba su labarin shekarar, don in ba a san ta ba, ba za a san Nomau ba."

Bai dawo kan Nomau ba sai da rana ta take. Da ya sauka, Burtu ya tashi ya yi bayanin yadda za a jera masu magana, nan gardama ta ɓarke kan ko mai tsawo ne zai biyo shugaba ko mai nauyi. Aka kafa kwamitin dabbobi uku, suka keɓe, suka dawo da ra'ayi huɗu. Duk sanda magana ta fara sanyi, wani saurayin ɓauna ya fara karkaɗa kofato yana duban fili, sai Jatau, wanda ba a taɓa jin muryarsa a taro ba, ya ɗaga hanci ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban fahimci yadda aka kafa majalisar nan ba." Shugaba ya yi murna da ganin matasa sun fara son ilimi.

Tasalla na kwance tana duban rana, ba ta ma sauraron abin da ake faɗa. Sai wajen la'asar, da layi ya zo kan wata tsohuwar ɓauna da ba ta da muƙami. Ta tashi da ƙyar.

"Ni ban iya jawabi ba. Abin da na gani kawai zan faɗa. Da rani na sha ganinsa a hanyar giwaye da tsakar rana, yana tura taki da goshi, ya tura ya huta, ya tura ya huta. Na yi masa dariya, Allah ya yafe mini. Na ce, Nomau, buzuzu ka koma? Ya ce a'a, ƙafar matata ce ke ciwo. Na ce to ka bari rana ta yi sanyi mana. Ya ce in rana ta yi sanyi matata za ta farka daga barci ta gan ni, ta hana ni. Shi ke nan abin da na sani."

Ta zauna. Tasalla ta kifa kai a kan ƙafafunta. Ita da ta nemi jawabi don dabara, ga shi an ba ta abin da ba ta san akwai shi ba. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mata, ta yi ta kuka ba ta ɓoye ba, tsohuwar ɓauna ta matso ta kwanta kusa da ita.

Suna haka hadari ya haɗo daga gabas. Burtu ya duba sama ya ce lokaci ya ƙure, a rufe da addu'a. Ba a kai ƙarshenta ba ruwa ya ɓarke, kowa ya kama hanyar gida a guje, ana yi wa juna sannu da aiki.

Bayan mako uku harƙiya ta yi ƙwari. Tasalla ta shiga da kanta, ta fara zare haki, kullum ɗan abin da ƙarfinta ya kai. Jatau yakan zo ya tsaya a gefe, ba ya shiga, sai dai ya kwashe abin da ta zare ya kai nesa don kada ya sake kamawa. Huɗar da ya yi ita ce ta fi daɗewa ba ta rufe ba, kuma kullum sai ya tsaya ya dube ta. Ranar da Tasalla ta fara cin harƙiyar, ta daɗe tana tauna loma ɗaya, sannan ta ce, "Jatau, zo ka ɗanɗana. Daga baki-baki."

Da damina ta yi tsakiya, majalisa ta zo duba aikinta. Suka jeru a inuwar marke, don Jatau ya ce daga nan aka fi gani da kyau. Fili ya yi shar, ba ƙarangiya ko ɗaya. Toron Giwa ya daɗe yana kallo, ya share ido da hanci, ya tambayi Tasalla ko yanzu ta ga amfanin jama'a.

Ta ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri." Kuma har zuciyarta ta faɗa.

Dattawan dajin sun haɗu a kan cewa tun da aka kafa majalisar, ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba.