Rasuwar Sannu-Sannu, Kwamfutar Malam Nu'man Tela

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, iyalan Malam Nu'man, ɗan marigayi Maliki mai surfani, tela a layin 'yan yadi na unguwar Briqueterie a birnin Yaoundé, suna sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da maƙwabta har unguwannin Tsinga da Madagascar rasuwar kwamfutarsu ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Sannu-Sannu. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara a kasuwar Mokolo, bayan doguwar jinya. Iyalan sun so a ce Allah ya jiƙanta, amma limamin layi ya ce kul, saboda haka kowa ya faɗi abin da ya sawwaƙa a cikin ransa.

Ba a san ranar haihuwar marigayiyar ba. An dai san ta sauka a Douala cikin kwantena, tare da tsofaffin firij da takalman Turawa, ta iso hannun Malam shekara tara da suka wuce da tabo a murfi da giɓin harafi ɗaya. Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar natsuwa. Ba a taɓa ganin ta yi gaggawa ba. Malam kan kunna ta da safe, ya je ya sha shayi, ya gaisa da mutanen layi shago bayan shago, ya dawo ya tarar tana nan tana cewa "Veuillez patienter", wato a yi haƙuri a jira. Shi kuwa sai ya gyara zama ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ga riƙon sirri. Awon tumbin alhazan unguwar nan kaf yana cikinta, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa wanda ya ƙaru tsakanin Sallah da Sallah ba.

Babbar amanar da ta riƙe kuwa ita ce zanen Maliki. Mahaifin Malam ya shekara arba'in yana zana surfanin babbar riga da fensir a kan takardar siminti, aska biyu, aska takwas, tambari, da wasu da shi kaɗai ya ƙirƙiro, ba su da suna sai nasa. Bayan rasuwarsa Malam ya ari kyamara ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ɗari da goma sha biyu, ya zuba wa Sannu-Sannu. Da damina ta zagayo ruwan kwata ya shigo shago ya mai da takardun kunu. Tun daga ranar, duk abin da ya rage na hannun Maliki a duniyar nan yana cikin wannan baiwar Allah, kuma Malam bai taɓa manta haka ba ko na yini ɗaya.

Ciwo ya soma mata bara, cikin ruwan Oktoba. Da fari numfashi ne, fuuuu, fuuuu, ba tsayawa. Daga baya ta soma karkarwa, ƙirrr, ƙirrr, har allurai na rawa a kan tebur. Sai kuma suma: ana tsakiyar aiki fuskarta ta rikiɗe shuɗiya, ta jero lambobi da Faransancin da ko 'yan makaranta ba sa iya fassarawa, ta ɗauke ɗif. An yi magani, kada wani ya ce ba a yi ba. An kashe an kunna ya fi a ƙirga. An cire batir an hura an mayar. An goge bidiyon bikin suna guda huɗu don a rage mata nauyi. Tahiru mai tsire, maƙwabcin shago, ya ce ƙwayar cuta ce, ya kawo manhajar kashe ta, aka sa, sai manhajar ta fi cutar nauyi. An yi mata mizajur, abin nan da ake cewa yana sabunta su, ta kai kashi casa'in da tara cikin ɗari, ta tsaya nan yini guda cur, sannan ta suma.

Malam tela ne ɗan tela. Shi a saninsa, abin da ke karkarwa ana ruwa sanyi yake ji, kuma maganin sanyi sutura. Ya tuna ta fito ƙasar Turawa ko ɗan kamfai babu, ya ji kunya ta kama shi. Sai ya yanko shadda ya ɗinka mata riga daidai jikinta, ya rufe ƙasa da gefe da gefe tsaf, allo da maɓallai kaɗai ya bari a waje. Kai, rigar ta yi kyau! Mutane har leƙowa suke yi. Karkarwa ta ƙaru, ya ce shadda ba ta da kauri, ya ɗora ta karammiski da shafi biyu. Ya taɓa jikinta ya ji zafi rau, ya ce to ga shi nan, zazzaɓi ne ke fita.

Uwargidansa Afra'u ce ta soma tsorata. Ta sayo ɗan kile na ajiye hotuna ta miƙa masa ta ce, "Malam, don Allah ka kwashe zanen Baba tun da sauran numfashinta." Bai yi gardama ba, don shi ma a tsorace yake. Ya sa kile, ya danna, koren layi ya soma rarrafe. Da ya kai rabi sai fuuuu, sai shuɗi, sai ɗif, a duba kile a tarar wayam. Sau bakwai yana gwadawa cikin kwana uku. A na bakwai hawaye ya zubo masa, ya ce wahalar ta yi mata yawa a wannan sanyin, ya zauna ya ɗinka mata ta uku, irin ta bargo mai auduga a ciki, har da zip. Ya yi na takwas a cikinta. Wannan karon ko rabi ba ta kai ba, kuma ba ta sake farfaɗowa ba.

Ranar Talata ya rungume ta ya hau moto, wato acaɓa, zuwa Mokolo, wurin Mohaman mai gyara, mutumin Ngaoundéré. Mohaman ya zuge zip ya cire bargo, ya cire karammiski, ya cire shadda, sannan ya ɗago ya dubi Malam.

"Maigida, wa ya toshe masa hanci?"

"Wane hanci?"

"Ramukan nan na ƙasa. Da su yake shan iska. Wannan mashin zafi yake ji tun farko, shi ya sa fanka yake kuka."

"Ai karkarwa take yi, Mohaman."

"Fanka ne, wallahi. Zare da auduga sun cika shi."

Mohaman ya kwance ta ya ciro faifan da hotunan ke ciki, ya jona a wata na'ura, suka kasa kunne su biyu. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Daga nan shiru. Ya gwada a ta biyu, haka. Ya cire hularsa ya ce, "Sai haƙuri, Maigida. Komai ya tafi." Malam ya ce da a ce da almakashin da ya yanka shaddar aka yanke masa yatsa, da ya fi masa sauƙi, kuma wanda ya ga fuskarsa a lokacin ya san ba wasa yake yi ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, wadda ita ma sai an karkata ta take aiki. Da linzamin kwamfuta mai ido ja da har yanzu ba a faɗa masa ba. Da kile sabo fil da bai taɓa ɗaukar komai ba. Da riguna uku da babu wanda za su yi wa daidai. Ta kuma bar Malam Nu'man, wanda tun ranar bai taka keken ɗinki ba, ya ce shi ya kashe ta da hannunsa. Tahiru ya aiko masa da tsire har sau biyu, aka mayar.

Ba za a yi mata wanka ba, Mohaman ya ce ruwa ba ya cikin al'adarsu. Ba za a yi likkafani ba, don Afra'u ta rantse Malam ba zai ƙara ɗinka mata ko ƙyalle ba. Za a ajiye gawar a saman kanta, inda iska ke kaɗawa. Zaman makoki kwana uku ne a ƙofar shago, daga Asabar, bayan La'asar zuwa Magariba.

Iyalan suna roƙon kada a kawo goro ko gumba. Abin da suke roƙo ɗaya ne. Duk wanda yake da babbar rigar da marigayi Maliki ya yi wa surfani, ko ta koɗe, ko ta yage, ko ta daina shiga, ko ta mahaifinsa ce da ke ƙasan akwati, don girman Allah ya sanyo ta ko ya riƙo ta a hannu. Wanda ya san wani mai irinta a Garoua ko Maroua ya aika masa. Malam zai zauna a kan tabarma da fensir da takarda ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya, iya abin da aka samu. An roƙi masu ta'aziyya su tsaya cak in an zo kansu, kuma in aka ga ya daɗe yana kallon ƙirjin mutum bai zana komai ba, a yi masa uzuri, hannun babansa yake kallo.