Girbi da Shebur

A wani gari da ake kira Gobe-Da-Nisa, an yi wani manomi mai suna Nomau. Ya gaji gona daga babansa, baƙar ƙasa wadda ko sanda ka kafa sai ta yi ganye.

Wata shekara ƙasa ta fi dawa tsada a kasuwa. Tifofi suka riƙa zuwa daga maƙwabcin gari, Sannu-Sannu, suna saye. Sarki ya tara Majalisar Haka-Ne, ya ce, "Me zai sa mu jira damina, alhali gonar kanta tana sayuwa?" Majalisa ta ce haka ne. Nan take aka tuɓe Sarkin Noma, aka naɗa Sarkin Tifa.

Nomau ya ɗan turje. Maƙwabcinsa Jatau, wanda ya sayar da tasa ya hau babur, ya riƙa tsayawa a bakin gona yana danna hon.

"Kai Nomau, har yanzu kana duƙe? Mu fa yanzu da shebur muke girbi!"

Nomau ya ce bari ya taɓa gefe ɗaya kawai. Gefen ya kawo katifa. Katifa kuwa ba ta son a tashi da sassafe, don haka ɗaya gefen ya bi sahu.

Matarsa Kande ta ce, "Malam, in ka sayar da tukunya, a me za a dafa?"

"Ke, ƙasa ce fa! Ƙarewa take?"

Da damina ta sauka, gona ta zama kududdufi. Majalisa ta zo ta yaba, ta raɗa masa suna Tafkin Cigaba, ta ɗora wa Nomau harajin kamun kifi. Kwaɗi ne kawai a ciki.

Rumbu ya bushe. Nomau ya sayar da katifar, ya auno dawar Sannu-Sannu. Lomar farko ya tsaya cak.

"Kande, wallahi tuwon gonar babana ne!"

Washegari ya garzaya fada. "Ranka ya daɗe, ashe mutanen Sannu-Sannu shuka suke yi a kan ƙasarmu!"

Sarki ya washe baki. "Kun ji? Hajarmu ta yi suna a waje." Majalisa ta ce haka ne.

Sarkin Tifa ya duƙa ya ce saura fili ɗaya a garin, kuma masu saye sun ce ya fi ko'ina taki: maƙabarta.

Nomau ya tuna a can babansa yake kwance. Ya buɗe baki zai yi magana, cikinsa ya riga shi da kukan yunwa.