Gudun da Na Yi a Bayan Motar Wasa

Ba zan taɓa mantawa da gudun da na yi a hanyar Agadas zuwa Arlit ba, ko da na so in manta, don waɗanda suka gani ba su bar ni ba. Ni mace ce mai sanyin murya. Maƙwabtana sun sha cewa sai sun leƙo suke tabbatar ina gida. Amma akwai mutane ayarin motoci guda da har yau in aka ambace ni, abin da suke tunawa shi ne mace babu mayafi, da takalmi ƙafa ɗaya, tana keta fako tana ihu.

A shekarun da kasuwar uraniyom ta faɗi ne. Kamfani yana ta rage ma'aikata, Turawa suna ta ɗaure kaya suna barin gidajen site, unguwar da kamfani ya gina wa ma'aikatansa. Maigidana, da ya daɗe yana tuƙa kar, wato bas ɗin ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama, sai ya koma jan kamyo, babbar motar kaya, ta wajen Asamaka, mu yi wata biyu ba mu sa shi a ido ba. Mahaifinsa, da muke kira Baba, yana zaune tare da mu tun da fari ya cinye masa shanu. Ga tawaye a duwatsu, hanya ba ta biyuwa sai a jera motoci sojoji su yi rakiya. Duk da haka, in na tuna lokacin, ba wahalar nake fara gani ba. Yaran unguwa nake gani da la'asar, kowa da motarsa ta waya da gwangwanin madara, tayoyi an yanko daga tsohon silifa, suna riƙe da dogon sitiyari suna tsere daga bakin famfo zuwa bangon lakwal, wato makarantar boko.

Babban yarona (ku yi haƙuri, ɗan fari ne, ba zan rubuta sunansa ba) shi ne gwanin ƙera motocin nan. Sai dai cutar shan inna ta taɓa masa ƙafa ɗaya tun yana yaye. Shi zai ƙera, wasu su gudu da ita, shi kuma ya zauna a kan dutsen ƙofar gida yana kallo. Wata rana ya dawo ya ba ni labari cewa ya hango ta shingen site wani ɗan Bature yana tuƙa ƙaramar mota daga nesa, babu waya babu igiya. Bai roƙi komai ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne, "Iya, shi ma fa a zaune yake."

Maganar nan ta kwana da ni watanni.

Da bikin ƴar wana ya taso a Agadas, sai na sayar da akuyata a ɓoye. Na ji labarin wani tsohon kuku a bayan tasha da yake sayar da tarkacen da iyayen gidansa Turawa suka bar masa. Baba ne ya yi mini rakiya zuwa bikin, kuma shi ne mutum na ƙarshe da nake so ya sani. A wurinmu uwa ba ta nuna ɗan fari ya dame ta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, balle a ji ta rabu da akuya mai ba da nono don ta saya masa abin wasa. A gaban suruki kuwa, ai sai dai ƙasa ta tsage. Don haka na ce wa matan biki zan je sayen turare, na sulale.

Motoci uku na tarar a wurin kukun. Akwai ja mai ƙyalli, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Akwai ta ƴan sanda mai fitila da jiniya. Sai wata mummuna, ruwan ƙwai da ya koɗe, mai buɗaɗɗen baya da manyan tayoyi. Ban san komai game da mota ba, amma mahaifina dillalin jakuna ne, na kuma sha ganin yadda yake yi: ba ya kallon gashi, ƙafa yake ɗagawa. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kifewa. Jar, na san tsakuwar ƙofar gidanmu za ta farke mata ciki a yini ɗaya. Ta ƴan sandan, tayoyinta busasshiyar roba ce mai tsantsi, kuma a manne take, babu ta inda za a buɗe. Mummunar nan kuwa, na danna tayarta da babban yatsa ta lotsa ta dawo, na sa tafin hannu ya wuce ta ƙarƙashinta, ga kusoshi da za a kwance a kakkaɓe yashi, ga shi pil, wato batir irin na rediyo, take ci, wanda ko a teburin bakin layinmu akwai. Kukun ya ce ai jar ta fi gudu. Na ce masa yaron bai taɓa riƙe irinta ba, wadda za ta daki bango ta yafe masa nake nema.

Har nan kam na yi hankali, ina kuma so a rubuta mini wannan kafin a ji sauran.

Kukun ya sa pil, ya zaro eriyar ɗan akwatin da ake tuƙa motar da shi daga nesa, ya zagaya da ita a gabana, sannan ya miƙo mini ya ce in gwada. Na ƙi. Uwar ƴaƴa huɗu a bayan tasha tana wasan mota, mutane na wucewa? Sai na ciro littafina na karatun manya (lokacin ina shekara ta biyu, ba na zuwa ko'ina ba tare da shi ba, musamman inda za a gan ni da shi). Na ce ya faɗa in rubuta. Akwatin yana da ƴan sanduna biyu. Na rubuta gaba, na rubuta baya, na rubuta dama. Ina cikin kokawa da hagu ya ƙara wata magana, na gyaɗa kai kamar na ji, hankalina yana kan alƙalami.

Motar na sa ta cikin fanteka na rufe da kayan biki. Akwatin tuƙin kuwa, don kada eriya ta karye kuma kada Baba ya gani, na naɗe shi da ɗankwali, na sake naɗewa da zani, na tura can ƙasan jakata.

Washegari muka bi ayari. Da rana ta take muka isa wani shingen sojoji a tsakiyar fako, babu komai sai tsakuwa har iyakar gani. Aka ce kowa ya sauko ya buɗe jakarsa. Wani soja matashi ya sa hannu a tawa, ya fito da ƙunshin, ya warware zani, ya warware ɗankwali, sai ga baƙin akwati da eriya. Ku tuna lokacin da ake ciki. Duk abin da yake da eriya, ana iya cewa da shi ake magana da ƴan tawayen dutse, ga shi kuma an ɓoye shi kamar zinariya. Nan take fuskarsa ta canza, ya kira babbansu, ajidan.

Ajidan ɗin dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce abin wasa ne, amma ko ni ban ji abin da na faɗa ba. Ya ce in ƙara murya. Ya tambayi na wane ne. Baba yana tsaye taku uku daga inda nake, ya dogara da sandarsa. Na sunkuyar da kai na ce na wani yaro ne. Aka sauko da fanteka, aka fito da motar a gaban kowa.

"To, madam," in ji ajidan, "in abin wasa ne, tuƙa mu gani. In bai motsa motar nan ba, a nan zai kwana."

Na tuna dutsen ƙofar gida da wanda yake zaune a kai. Na karɓi akwatin, na buɗe littafina na duba (wallahi na duba), na ga gaba, na tura sandar da dukan ƙarfin yatsana.

Motar ta zabura. Ta bi ta tsakanin ƙafafun sojan nan ya yi tsalle, ta ture butar shayinsu daga kan gawayi, ta gangara daga kwalta ta nufi fako. Ni kuma abin da na gani kawai shi ne akuyata da watannin tunanina suna shiga hamada. Sai na bi ta. Na tattare zani da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana damƙe da akwatin, yatsana a kan sandar kamar an kafe shi da ƙusa. Tana gudu ina gudu. Ta haye duwatsu, ta faɗa wani ɗan kwari ta fito ta ɗaya gefen. Mayafina ya tafi, takalmi ɗaya ya tsaya a baya. Ina jin mutane suna ta kira, amma iska da bugun zuciya ba su bar ni na fahimci komai ba. Kuma a cikin gudun nan ne, ni da ban taɓa furta sunan yaron nan a gaban babba ba, na buɗe baki na ƙwala sunansa har sau uku, kamar shi ne yake tsere mini.

Dutse ne ya taimake ni. Na yi tuntuɓe na kife, akwatin ya fita daga hannuna, sai motar ta tsaya cak. Tana nan gabana kaɗan, ta yi shiru kamar ba ita ba.

Da na ɗago, ayarin nan gaba ɗaya yana kallona. Sai dariya ta ɓarke, har da direbobin da suke kan kaya. Wata Buzuwa da muka zauna kujera ɗaya ta kawo mini mayafi tana share hawayen dariya, ta ce tun da take ba ta ga raƙumin da ya kai ni sauri ba. Ajidan ya sa aka ɗauko motar, yana ƙoƙarin haɗe fuska abin ya ƙi. Ya bayyana mini cewa da na saki sandar da ta tsaya. Ko ban saki ba ma, da na tsaya wuri ɗaya, in ta yi nisa kaɗan ba ta jin akwatin, da kanta za ta mutu. Ni ce nake bin ta da umarnin gudu. (Ashe maganar da kukun ya ƙara ke nan, lokacin da nake fama da hagu.) Ya miƙo mini kayana ya ce in gai da yaron, ya kuma ambaci sunan, don in san ya ji.

Muka koma mota. Na ja mayafi har hanci, na ƙudurta ba zan sake ɗaga ido ba sai lahira. Mun yi tafiya mai nisa kafin Baba ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na ba shi motar. Ya kife ta a cinya, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, ya hure yashin da ya maƙale, ya shafa inda fenti ya goge.

"Ƙafafunta lafiya lau," ya ce. "Wanda ya zaɓo ta ya san dabba." Can kuma ya ƙara, "Dama na daina jin kukan akuyar nan. Ni zan miƙa masa, a ce kakansa ne ya sayo."

Haka aka yi, ko da yake rufin asirin bai kwana ba, don kafin mu sauke kaya labarin ya riga mu shiga unguwa. Yaron ya karɓi akwatin, ya juya shi sau biyu, kafin magariba ya iya. Abin da ya fara ganewa, babu wanda ya faɗa masa, shi ne yadda ake tsayar da ita. Washegari da la'asar ya zauna a kan dutsensa, yara suka jeru da motocin waya a bakin famfo, mummunar nan ta shiga layi. Na tsaya a bayan ƙyaure ina leƙe ta tsaga, don ba zan fito a ce ina kallonsa ba. Ban san wanda ya ci tseren ba. Muryarsa kawai nake ji a cikin ta sauran.

Motar ta yi shekaru. Ta daki bangon lakwal ba adadi, jaki ya taɓa take ta, kowace Juma'a ya kwance kusoshin ya kakkaɓe yashi. A kanta ya koyi gyaran da yake ci da shi yau, yana da rumfarsa ta gyaran babura. Baba ya rasu, site ya canza, yaran yanzu waya ce a hannunsu amma ba irin waccan ba. Littafin yana nan a akwatina, da kalmomi huɗu da gurbin ta biyar.

Har yanzu in na matsa masa da tambaya, ya ci abinci, ƙafar ba ta ciwo, me ya sa ya yi yamma, sai ya yi murmushi ya ce, "Iya, saki sandar." Na kuwa san gaskiyarsa. Abin da na koya dai shi ne in abu yana guje mini, in fara duba yatsana kafin in tattare zani. Kuma duk wanda zai koya mini wani abu yanzu, sai ya gama magana tukuna nake ciro alƙalami.