Rasuwar Farcen Babban Yatsan Uwani Maude

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da guntun haushi da ba zan ɓoye wa kowa ba, ni Uwani Maude, mataimakiyar darakta a wata ma'aikatar tarayya, mazauniyar Lugbe, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arzikin ba, rasuwar farcen babban yatsana na dama. Ya cika ranar Talata da hantsi, ina cikin ɓalle maɓallin riga. Ya faɗo kan tayil ya ce ƙyas, shi ke nan. Ya bar duniya yana da shekara hamsin da uku, in aka haɗa da abin da aka yanke a hanya.

Marigayin ma'aikaci ne, ba irin na ofishinmu ba. Bai taɓa sa hannu a rajista ya ɓace ba. Shi ke ɓare tafarnuwa, shi ke kankare katin waya, shi ke kwance ƙullin ledar da 'yan kasuwar Zuba ke ɗaurewa kamar da gayya. In oga ya ja taro ya wuce azahar, marigayin ne kaɗai mai ƙarfin halin magana: ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan tebur, har sai an tashi.

Amma babban aikinsa ƙunshi ne. Duk amaryar da aka yi a zuri'ar Maude cikin shekara talatin, ni na sa mata jan lalle. Ana yanka salatif da reza siri-siri, a liƙa a hannu a fitar da zane, a shafe da lalle, in an ɓare sai fure ya fito. Marigayin ke ɗago bakin salatif ɗin, shi ke danne shi a fata. Amare goma sha tara suka bi ta ƙarƙashinsa. Ta ashirin ita ce Nazeefa, 'yar ƙanena Manniru, wadda aka ba ni tun daga yaye, na goya, na kai makaranta, na yi wa faɗa har ta zama mutum. Saura kwana tara a sa mata lalle ya ga ya dace ya mutu.

Jinyarsa ta samo asali ne daga tawa. An same ni da dajin mama, aka yi aiki, aka shiga ɗura mini maganin nan da ake kira kimo, har zagaye shida. Gashi ya gudu tun a zagaye na biyu, ban yi mamaki ba, dama gashi ba shi da amana. Farce kuwa na yi masa gata. Wani nas mai suna Philip yakan kawo mini kwanon ƙanƙara ya ce, “Madam, a daure a sa hannu, yana taimako.” Na daure, ina zaune yatsu a ƙanƙara kamar kifin da ke jiran mai saye. Duk da haka kowane zagaye sai ya bar masa layi guda a gicciye. Ya yi duhu, ya yi kauri, ya fara ɗagowa daga nama, har da ɗan warin da ban san shi da shi ba. Na yanke shi gajere, na shafa mai, na naɗe, na daina wanki. Sai da likita ya ce an gama magani, hoto ya yi kyau, sannan ya tattara ya tafi. Wallahi na ji haushinsa. An sha wuyar tare, ana shirin cin shinkafar biki, ka zame?

Iyalan mamacin na miƙa godiya ga masu duba mara lafiya, waɗanda kowannensu ya zo da digirinsa na likita a jaka. Ga wadda ta leƙa yatsan ta ce jifa ne, a nemi wanda ke son kujerata. Ga wanda ya ce in jiƙa shi a fitsarin raƙumi, bai kuma kawo raƙumin ba. Ga matan ofis da suka shekara goma suna cin dambun da nake kawowa ranar Juma'a, yanzu in na buɗe kula sai kowacce ta tuna tana rage ƙiba. Allah ya ba ku ƙugun da kuke nema.

Godiya ta musamman ga Hajiya Khaula, matar Manniru, mahaifiyar amarya, wadda ta taso tun daga Maitama washegarin rasuwar, ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya. Ta ce, “Yaya Uwani, ba don komai ba, kin san bikin yanzu duk hoto ne. Mun ɗauko wata ƙwararriya daga Jabi za ta yi ƙunshin. Ke ki huta kawai. In ya so a manna miki farcen roba, ko ki sa safar hannu.” Na ce, in an manna, ruwan alwala ta ina zai shiga? Ta ce, “Ai na kwana uku ne.” Na kwana uku! Wata shida ina salla a zaune, ina amai tsakanin la'asar da magariba, ban bar ko ɗaya ba, sai yanzu zan ajiye saboda dangin ango kada su ga yatsa. Ta sha lemo da tsinke, ba ta taɓa kofina ba, ta tafi. Da ta fita na yi kuka, ba zan yi ƙarya a takardar mutuwa ba.

Marigayin ya bar 'yan'uwa tara, huɗu daga ciki suna kwance rai a hannun Allah. Ya bar yatsa guda, tsirara, mai jin zafin ko da iskar fanka. Ya bar magaji, wani ɗan siririn abu fari da ya leƙo daga gindi a yamutse, wanda Philip ya ce sai an ba shi wata shida ko fi kafin ya kama aiki. Ya bar kuma reza da salatif da kwanon kwaɓi, waɗanda na riga na tura ƙarƙashin gado.

Ranar Juma'a Nazeefa ta zo ta jawo su. Ban gaya mata komai ba, ashe ta ji a gidansu. Ta zauna a ƙasa ta kama yatsan nan da mutane ke kawar da kai a kansa, ta ɗora shi a tafin hannunta ta ce, “Gwaggo, ai ba farcen ne ya goye ni ba. Ni zan riƙa ɗago miki bakin salatif ɗin, ke ki danna.” Muka gwada. Yatsan na zafi, furen ya fito a karkace kamar ƙadangaren da mota ta taka. Na ce, 'yar nan, je ki wurin ta Jabi kada a yi miki dariya. Ta ce ta riga ta kira ta, ta ce mata ta yi wa ƙawaye, amarya tana da mai yi mata.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan azahar, a gindin bishiyar lallen da ke bayan gidana. Mu dai an koya mana ba a zubar da farce a shara, binne shi ake yi. An naɗe mamacin a ƙyallen atamfa, amarya ce za ta tona ramin da cokali. Babu zaman makoki, babu sadakar uku, kuma duk mai shawarar magani ya bar ta a bakin ƙofa tare da takalminsa. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar ganin yatsa ba farce, an yafe masa zuwa, hanyar filin jirgi da ake bi zuwa Lugbe ma akwai cunkoso.

Ana rufe ramin za a shimfiɗa tabarma a wurin a ƙunsa wa amarya lalle. Ana roƙon mai hoto ya iso da wuri. Na gaya masa ya fara da hannuna.